Muryar Kumai a Kan Dutse

Litinin, 8 ga Yuli, 2024

Yau ma mun yi rigima da Gilbert a kan kashi na biyu na Kan Dutse, wasan wayar da muka yi da Yaya Kumai kafin ya rasu bara. Ni na rubuta lambobin kwamfutar, Kumai kuma ya zana komai da gawayi a kan takardar buhun siminti. Gilbert abokinsa ne, yanzu shi ke zane. Ya kawo nasa zanen dutsen, kore shar da shuɗin sama, sai ka ce kalandar coci. Wai zanen gawayi yana sa mutane ciwon ido. Na ce masa ba wanda ya taɓa hawa dutsen Kagoro da damina ya ga wannan fara'ar.

Laraba, 10 ga Yuli

Rigimar ta koma kan mataki na ƙarshe. Kana cikin hawa sai murya ta kira ka daga bayan itatuwa: "Matafiyi." In ka danna ka amsa, ka mutu, sai ka faro daga gindin dutse. Ba mu rubuta gargaɗi ko'ina ba. Kumai ya ce duk ɗan da aka goya a nan ya san ba a amsa kira a daji in ba ka ga mai kiran ba. Kakarmu ta Kagoma har ranƙwashi take yi a kan haka.

Gilbert ya nuna mini ƙorafin 'yan Legas. "Abeg, Lucia, gem ɗin ya yi wuya, mutane suna dilit ɗin shi daga wayoyinsu." So yake in ka amsa hanya ta buɗe, a kuma ɗauki sabuwar murya. Muryar ta Kumai ce, a bayan ɗakin girki muka ɗauka, har zakaran Mama yana ciki. Ita kaɗai ta rage mini da zan iya ji. Na ce a'a.

Asabar, 13 ga Yuli

Na ba Khadijatu mai sayar da caja a kasuwa ta gwada. Da muryar ta kira, ta taɓe baki ta wuce abinta. Na aika wa Gilbert labarin.

Lahadi, 14 ga Yuli

Bayan sujada na zauna a baranda ina gwada matakin, rana tsaka, Mama tana tsince acca. Muryar ta kira. Ba matafiyi ta ce ba. 'Yar Gwaiba ta ce.

Kumai kaɗai ke kirana haka, tun da na faɗo daga bishiyar gwaibar Fasto ina 'yar firamare. Ban taɓa ɗaukar muryarsa yana faɗa ba. Na duba duk sautukan da ke cikin kwamfuta, matafiyi ne kawai, da zakara. Gajiya ce.

Laraba, 17 ga Yuli

Na kunna wa Gilbert. Shi matafiyi ya ji. Ni na ji abin da na ji, ban faɗa masa ba.

Sai ya tambaye ni me ya sa na saka tsohon zane cikin nasa. A cikin koren dutsensa, gindin wata ɗorawa, ga mutum tsaye da baƙin gawayi, ba fuska, kafaɗa ɗaya ta ɗan sauka. Haka Kumai ke tsayuwa in yana jiran acaɓa. Na ce ban taɓa zanensa ba. Ya goge, muka yi dariya wadda ba ta kai ciki ba.

Juma'a, 19 ga Yuli

Mutumin gawayin ya dawo cikin zanen. Ya ɗan matso gaba da ɗorawar.

Talata, 23 ga Yuli

Mama ta ji. Tana wucewa da tukunya muryar ta kira, sai ta tsaya cak, ruwa yana zuba a ƙafarta ba ta sani ba. Ban tambaye ta wane suna ta ji ba, ita ma ba ta tambaye ni ba.

"Ki kashe wannan abu," ta ce. "Na binne yaro ɗaya, ya ishe ni. Ko ya kira ki da rana, kar ki amsa."

Na ce wasa ne kawai, Mama. Ta ce za ta gaya wa Fasto. Haushi ya kama ni, don gaskiya ina kewarsa, kewar da ke hana ni cin abinci. Kuma muryar ba ta tsoratarwa. Irin kiran da yake mini ne in ya sayo tsire ya ɓoye a bayansa.

Alhamis, 25 ga Yuli

Kusan duk wanda ya buga wasan nan ya amsa Kumai ko sau ɗaya, har 'yan Legas da ba su san shi ba. Ni da na san doka ban taɓa ba.

Lahadi, 28 ga Yuli

Na yarda da Gilbert, a sauƙaƙa matakin. Gaskiya yake da ita, ya yi wuya. Na gyara, yanzu in ka amsa hanya tana buɗewa. Ya yi murna har ya ce a bar mutumin gawayin, tunda ya ƙi goguwa. Aiki ne kawai, dole in gwada kafin a saki. Da sassafe na gwada a waya, ya kira, maɓallin ya ƙi dannuwa, sai na ce na'am da baki, a hankali, shi ke nan. Ba abin da ya faru.

Mama ta ce ɗazu ta yi ta kirana tana tsaye a gabana ban ɗago ba, har ta fara kuka. Ban ji ta ba. Ruwan sama ne a kan kwano, ina jin. Kumai dai ina jin kiransa sosai, kuma wayar tun safe take a kashe.