Maiguduma ya sa ni hura gawayi

Talata da dare, Filinge

Har yanzu raina a ɓace yake. Da aka fara kokowar takobi, gasar ƙasa, mun shirya wasanmu na fada, wurin hirarmu da shan shayi, kamar kowace shekara. Kowa ya zaɓi 'yan kokowa biyar, duk kayen da naka ya yi a talabijin maki ne gare ka, wanda ya zo ƙarshe kuma shi ke dafa shayi har azumi.

Na sake ɗaukar Maiguduma cikin biyar ɗina. Idi tela ya ce mini, "Malam, gwiwar tsohon nan ta ƙare, ka musanya shi tun da wuri." Na ƙi, don tun ina saurayi nake bayansa.

Yau kaye ɗaya nake nema in wuce Idi, in bar shi a ƙarshe. Sai aka haɗa Maiguduma da wani matashi da shi ya koya wa kokowa. Maiguduma ya kama shi da kyau, kowa ya gani, saura ya ɗaga kawai. Sai ya sake shi, ya kai gwiwoyinsa ƙasa da kansa, ya tashi ya ɗaga hannun matashin. Wai ya ba na baya hanya.

Da gwiwar ce ta ci amanarsa, da na haƙura. Kyauta ya yi da abin da ba nasa kaɗai ba.

Idi kuwa mafici kawai ya miƙo mini. Maiguduma ya durƙusa sau ɗaya an yi ta tafa masa. Ni da furfurata zan durƙusa gaban gawayi kullum har azumi.