Gam ɗin da Tata Ya Bari

Reghin,
Lahadi, tsakiyar watan Afrilu.

Zuwa ga yayata Otilia,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Dorin da 'yarmu Ilinca. Yaya ciwon bayan nan naki? Kin ce mini ba komai, amma na ji a muryarki cewa tsayuwar da kike yi a gidan kula da tsofaffi tana cin ki. Allah ya ƙara sauƙi, ya kuma tsare Dorin a kan hanya da babbar motarsa. Mu nan muna lafiya. Na ce "mu" ne don sabo, kin dai san ni kaɗai ne a gidan. Dusar ƙanƙara ta narke sai ta kan tsaunukan Gurghiu, tuffar da Mama ta dasa kuma ta fara toho. Kawu Traian ya samu sauƙin ƙafa, yana zuwa coci da sanda, yana tafe yana zagin sandar. Gwaggo Veturia ta aiko mini da tukunyar miyar wake, da saƙon cewa in ban yi aure bana ba, ita ta cire hannunta.

Na zaɓi in rubuto maimakon in kira, domin a waya nakan yi ta ce miki to, to, sai na ajiye sannan in tuna abin da ya kamata in faɗa. Maganar gogen Ilinca ce, wanda Tata, mahaifinmu, ya fara yi mata bai gama ba Allah ya karɓe shi. Kin tuna ya haɗa jikin ya rufe, ya sassaƙa wuyan, saura a manna wuya a jiki. Ranar da za ki koma Castellón bayan jana'iza, kin tsaya a ƙofar shago kin roƙe ni abu biyu: in gama shi kafin jarrabawarta ta shiga makarantar kiɗa, kuma in manna wuyan da gam ɗin fatar da Tata ya dafa da hannunsa, don komai na gogen ya zama nasa. Na yi miki alkawari. Na farkon zan cika in Allah ya yarda. Na biyun shi ne dalilin wannan takarda.

Kin san yadda yake ajiyarsa. Busasshen gam, ƙwayoyin nan masu launin zuma, yana cikin gwangwani mai murfi a saman kanta, nesa da danshi, kuma wannan ko jikoki sa iya gadonsa. Wanda aka jiƙa aka dafa shi ne mai gajeren kwana. Tata yakan ce gam nama ne, wanda ya manta da haka zai ga wuyan goge a hannunsa. A firji mako guda yake ba shi, in ya so ya daɗe sai ya zuba a farantin ƙanƙara ya daskarar, ya riƙa ciro ɗaya-ɗaya. Ba na jin kin manta Kirsimetin da Dorin ya tarar da kwanon gam ya daskare a ɗakin ajiya, ya zaci piftie ɗin Mama ce, daskararren romon zakaran nan, ya kai cokali baki, ya ce da daɗi sai dai tafarnuwa ta yi kaɗan. Dahuwar Tata ta ƙarshe tana cikin irin wannan faranti, na bar ta yadda ya bar ta, ban taɓa ba.

A watan Fabrairu na je Cluj ganin likitan hanci, na yi 'yan kwanaki ana gwaje-gwaje. Amsar dai ita ce ta da: tun ciwon nan da ya zagaye duniya jijiyata ta jin ƙamshi ta kwanta, mai yiwuwa ta tashi, mai yiwuwa ba za ta tashi ba. Da na dawo na tarar da ruwa a ƙasan kicin. Tsohon firjin Mama ya mutu, ban san ko ranar da na tafi ba ne ko ana gobe zan dawo. Gam ɗin ya narke a cikin farantin. Na sa aka gyara firjin, na mayar da shi ya sake daskarewa, na rufe ƙofa, na yi makonni ban faɗa wa kowa ba, ina ta jujjuya abin a raina.

Da lokacin manna wuya ya zo, na yi duk gwajin da na sani. Na ciro guda na narkar a kwalba cikin ruwan zafi, ban bari ya tafasa ba. Na ɗiga tsakanin yatsu biyu, ya ja zare, amma gajere. Na bar shi ya huce, ya daskare, amma da laushi, da ɗan ruwa-ruwa a sama. Na manna guntayen katako na bari suka bushe na karya: wasu katakon ne ya tsage, wasu kuwa mannin ne ya saki. Duk na rubuta a littafina na kullum, na karanta na sake karantawa, ban ƙaru da komai ba. Tata bai taɓa yin ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Buɗe murfi yake yi ya kai hanci, shi ke nan. Ni kuwa na kai hanci har gam ya taɓa mini gashin baki, kamar na shinshina gilashi. Kuma wuya ba wurin caca ba ne, Yaya. Duk jan da tsirkiya huɗu ke yi a kansa yake. Na riƙa ganin Ilinca tsaye gaban malamai, wuyan yana sunkuyowa a hankali, sauti yana zamewa, ita kuma tana zaton laifin yatsunta ne.

Abin da ya fi tsaya mini shi ne na duba gidan nan kaf babu wanda zan miƙa wa kwalba in ce shinshina mini. Ban san girman kaɗaicina ba sai ranar.

Na naɗe kwalbar a tawul na tsallaka gidan Tanti Piroska, maƙwabciyarmu. Rabona da ƙofarta tun jana'iza. Kin san tsakaninta da Tata: tun muna yara take cewa warin tukunyarsa na ɓata mata shanya, tana kiransa mai dafa matattun shanu, shi kuma yana kiranta 'yar sandar unguwa. Da ta gan ni ta ce ashe ina raye, ita hayaƙin bututu kawai take gani tana cewa to, ɗan Valer bai bi ubansa ba tukuna. Ta zaunar da ni, ta tura mini farantin biredi mai goro a gaba, ta ce sai na ci za ta saurare ni, don ba ta magana da ƙashi. Da na gama bayani ta buɗe kwalbar, ta shinshina sau ɗaya, ta rufe. Ta ce wannan ba warin Valer ba ne. Wai nasa kamar jiƙaƙƙen kare ne a bakin murhu, ta san shi fiye da turaren mijinta, wannan kuwa warin kwata ne. Na ce mata shi ne na ƙarshe, kuma na yi miki alkawari. Ta ce to in manna da alkawarin mana, mu ga ko zai riƙe. Ta ƙara da cewa ubana ko shakka ya yi a kan gam, ta kan shingenta yake watsa shi cikin furanninta, kuma da zai ga ina lallaɓa ruɓaɓɓe saboda shi, da sai ya ja mini kunne gaban jama'a.

Gaskiya ɗaci gare ta. Na dawo na haƙa rami a gindin tuffar Mama na juye farantin duka, na wanke shi na kife. A littafina layi ɗaya na iya rubutawa ranar.

Washegari na jiƙa sabo daga gwangwani, da ma'aunin da Tata ke yi. Ranar mannin na hura murhu tun safe don shagon ya yi ɗumi, kada gam ya daskare kafin in matse. Ina cikin haka sai ga Tanti Piroska da sandarta, ba wanda ya kira ta. Ta ce ta zo ne kada in sake dafa guba. Ta zauna a kujerar Tata, abin da ni ban yi ba har yau, ta sa na kawo mata kwalbar. Ta daɗe da hanci a kai. Sannan ta ce yawwa, wannan shi ne ɗan banzan warin da ya cinye mata zannuwan gado. Idanunta sun kawo ruwa, ta ce tururi ne, in daina kallonta in kama aikina.

Na ɗauko wuyan don in ɗumama gindinsa kusa da murhu, na juya shi wajen hasken taga, sai na ga yana ɗan sheƙi. Na duba ramin da zai zauna a jikin gogen, shi ma haka. Tata ya riga ya shafa musu tsararon gam, irin wanda ake fara ba katako ya sha ya ƙoshi, don kada ya tsotse na mannin. Tun kaka yake nan a bushe, lafiyarsa ƙalau, har da sawun buroshinsa. Na sha riƙe wuyan nan a hannu ban lura ba. Kin kuwa san halin gam ɗin fata, sabo mai zafi in ya sauka a kan tsoho yakan tashe shi, su narke su zama ɗaya, ba a kankarewa. Na shafa nawa a kan nasa, na zaunar da wuyan, na matse.

Ya riƙe. Na ɗaura tsirkiya na ja su yadda ya kamata, kullum da safe ina aunawa, bai motsa ba ko da kaurin gashi. Duk da haka ina aunawa, kin san ni. Yanzu na kwance su na fara shafa man sheƙi, yana rataye a bakin taga yana shan rana. Zan aiko shi ta motar da ke zuwa wajenku a watan Yuni. Ki ce wa Dorin kada ya bar shi cikin mota a zafin nan naku, kuma in wani gefe ya ɗan buɗe saboda iskar teku kada ku tsorata, ku kai wa mai yin goge, kada kowa ya ɗiga masa farin gam na kanti.

Ban cika alkawarin yadda kika so ba, Yaya, ki yi haƙuri. Rabin mannin nasa ne, rabi nawa, kuma ba mai iya raba su yanzu. Ko ki faɗa wa Ilinca ko ki bari, na bar miki.

Ki gaishe mini da Dorin, ki ce masa har yanzu tafarnuwa ta yi kaɗan. Ki gaida Ilinca da kyau, da Smaranda 'yar Kawu Traian in kun haɗu a coci. Kawu da Gwaggo Veturia suna gaisuwa. Tanti Piroska ma ta ce a gaishe ki, yanzu duk ranar da na dafa gam sai ta zo ta yi ƙorafi, ni kuma nakan ajiye mata kujerar.

Roƙo ɗaya nake da shi wurin Ilinca. Ranar da ya iso, kafin ta ɗora bakan kiɗa a kansa, ta kai hancinta bakin tsagar da ke fuskar gogen ta shaƙa, ta rubuto mini abin da ta ji. Kada ta gyara, ko da jiƙaƙƙen kare ne. Ina so in san ko shagon Tata yana nan yadda na san shi.

Ƙaninki mai kewarku kullum,
Sever