Dutsen Wankin Biyattu

Zuwa ga ƙanena Ayamu, a Hurmuz.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyalinka da wannan gwiwar taka mai ƙorafi. Mu nan Malabar sai godiya.

Ka tambayi labarin Turawan Fotugal. To, sun zo mana kafin damina. Suka sauke wani dogon dutse mai tambarin sarkinsu, suka kafa shi a bakin teku, daidai inda muke shanya kifi. Tafintansu ya ce daga yau ƙasar nan ta sarkinsu ce, kuma in suka dawo suka tarar an taɓa dutsen, igwa za ta share garin. Ɗana Mammali ya ɗauko guduma, da ƙyar na riƙe shi. Uwarsa Biyattu ta ce, "Ajiye, sarkin zafin kai. Ka ga inda suka kafa shi kuwa?"

A kan yashi, Ayamu! Wurin da ko akuya ba ma ɗaurewa in iskar damina ta taso. Ruwan farko teku ta kwantar da shi. Biyattu ta tara mata suka ja shi bakin rafi, suka kife shi, tambarin yana ƙasa, ya zama dutsen wanki.

Da iska ta juya, sai ga jirginsu ya dawo. Bakunan igwa na kallon rufin gidajenmu. Shugabansu ya bi gari yana neman dutsen har rafi. Biyattu na zaune daram a kan dutsen, ta lulluɓe shi da jiƙaƙƙun zannuwa. Ta ce wa tafinta, "Gaya wa maigidanka teku ce ta kayar, ba mu ba. In yana da faɗa, ga ta can, ya harbe ta." Bature ya dubi gaɓar da ruwa ya cinye, ya dubi tsohuwa, ya juya. Ko kaza ba mu rasa ba.

Tun ranar nake tafiya a gari kamar ni na yi. Yanzu an birkice dutsen, tambarin yana sama, don Biyattu ta ce ba abin da ke fitar da dauɗar wuyan riga kamarsa. Wai sarkin nasu ma'aikaci ne, a gaishe shi.

Ka aiko da taka rigar, a goga maka.

Ka gai da mutanen gida. Ni ne wanka,
Pokkar