Shafuka Goma Sha Ɗaya na Golnar

Adelaide, 3 ga Satumba

Golnar,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da sanyin Hobart ɗinki. Itacen lemon bakin ɗakin gwaji ya yi fure, ba mai tsayawa ya shaƙa tun tafiyarki.

Kin san ban iya kwana-kwana ba. Idon tauraron ɗan'adam ɗinmu ya samu matsala, saura mako shida a ɗora shi kan roka. In muka rasa wannan gurbi, lokacin gobarar daji zai zo ya wuce ba mu da ido a sama, aikin shekara bakwai ya ƙare a cikin kabad. Ke kika haɗa idon nan da hannunki, ke kaɗai kika san halinsa.

Amma ba ni da ikon gaya miki abin da ya same shi. Tun da muka sa masa na'urar jin zafin nan ta Amurka, irin wadda ake sa wa makami mai linzami, idon gaba ɗaya ya shiga jerin makamai. Lauyar jami'a ta sake karanta mini dokar: in na nuna wa haifaffiyar birnin Shiraz irinki zane ɗaya, ko na faɗa mata lamba ɗaya, daidai yake da na tura makami ƙasar waje. Abin da ya fitar da ke daga ɗakin gwaji bara, shi ya ɗaure mini baki bana. Na ce mata, to in Golnar ce ta faɗa mana fa? Ta ce doka abin da ya fita take tsaro, ba ruwanta da abin da ya shigo.

Ban tambaye ki komai ba. Doka kawai nake karanta miki.

Naki,
Fergus

Hobart, 9 ga Satumba

Farfesa,

Ina gaida kai da gwiwarka mai ciwo. Kai tsohon nan! Wato ni ce ƙasar wajen? Shekara goma sha uku ina cin gasasshen naman da kake ƙonawa duk Asabar, ban taɓa kai ƙararka ba. Na yi fushi, na yi kuka, na danne takardarka da butar shayi kwana biyu.

Sai shekaranjiya da hantsi, ina cikin kwalekwale zan je auna wa masu kiwon kawa, wato dodon-koɗin ruwa, zafin teku, aikina ke nan yanzu, hazo ya lulluɓe tsibirin Bruny. Ruwa da sama suka haɗe, ba ka sanin inda ɗaya ya ƙare. Na lumshe ido, sai ga ni cikin farin ɗakinmu da safar hannu, madubin idon yana tafin hannuna, sanyi ƙalau. Sai na ga tauraron can sama, ɗan abu kamar kwalin takalmi, yana shawagi shi kaɗai, yana neman hayaƙi tun yana siriri, kafin ya kai gidan kowa. Ashe hannuwana ba su manta komai ba.

Ga shafuka goma sha ɗaya. Duk cutar da zan iya hasashe na rubuta, da maganinta, guda goma sha tara. Ta bakwai abin kunya ce. Na sauya gam ɗin da ke riƙe madubi, ban sa a littafin aiki ba, ina cewa gobe, gobe, har aka karɓe katina na shiga ɗakin. Wannan gam sai an gasa shi kwana uku, ba ɗaya ba, in ba haka ba zai yi ta gumi ya dushe madubin. Kada ka yi mini wa'azi.

Ka huta lafiya,
Golnar

Adelaide, 2 ga Nuwamba

Golnar,

Gaisuwa da farin ciki. Ya tashi, kuma yana gani! Ga hotonsa na farko, hoto dai an yarda kowa ya kalla. Wannan ɗigon ja wuta ce a daji, masu kashe gobara sun isa tun ba ta ci gona ɗaya ba. Na zauna a ƙasa na yi kuka gaban ɗalibai.

Ɗaya daga cikin goma sha taran ce. Wacce, ba zan iya faɗa miki ba.

Naki,
Fergus

Hobart, 8 ga Nuwamba

Farfesa,

Barka, barka! Na liƙa hoton a bangon kicin, ina shan shayi ina kallonsa har ya huce. Riƙe sirrinka, na san gam ɗin ne. Ko ba shi ba ne? Kash, ka ga yadda ka mai da ni.

Alfarma ɗaya. Ban ajiye kwafin shafukan nan ba, kuma ban taɓa rubuta abin da ya kai su ba. Ba zan sake taɓa madubi irin wannan ba, na sani. Ka maido mini su in riƙa dubawa.

Golnar

Adelaide, 15 ga Nuwamba

Golnar,

Gaisuwa, da ban haƙuri. Ranar da muka yi aiki da shafukanki aka buga musu hatimi, suka shiga akwatin ƙarfe tare da sauran takardun idon. Ba ki da izinin karanta su. Na roƙa, na daki tebur, an ce a'a.

Ni ina da izini. Kowace safiya nakan buɗe akwatin in karanta shafi ɗaya, har da zagin da kika yi mini a gefen na huɗu.

Naki har kullum,
Fergus