Tiren Jar Dawa

Karmo, Abuja
Agusta, 2022

Zuwa ga Yayana Thaddeus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangijinmu Yesu. Ina fata kana lafiya, kai da 'yan uwanka sojoji a can dajin da ko waya ba ta shiga. Mu nan lafiya lau, maigidana Innocent yana gaishe ka. Mama ma da sauƙi, ƙafar ce dai.

Baba ne ya dame ni. Tun da masu gina gidaje suka zagaye gonarmu ta Orozo da katanga, sai ya wuni a gindin mangwaro yana kallon hanya. Ba ya ciwo, ba ya kuma hira.

Shi ya sa na ƙudura zan yi masa abin da zai riƙe a hannu ya ce ga gonata. Na shiga koyon sana'a wurin wata Madam Rita a Garki, adon tiren katako da wani abu wai shi rezin. Ruwa ne kala biyu masu kauri kamar zuma, ka haɗa su, ka zuba a cikin tire, ya daskare garau kamar gilashi. Duk abin da ka jera a ƙasa ya zauna ke nan har abada. Sauran ɗalibai ƙyalƙyali suke zubawa, ni kuwa jar dawar da muka gada daga Kaka zan zuba. Ka tuna damin da Baba ke ratayewa saman murhu don hayaƙi ya kori ƙwari, a sami na shuka? Na girbin ƙarshe yana nan rataye. Na tambayi Mama, ta ce in kwashe, tunda ba gona, yanar gizo kawai yake tarawa. Na sussuke shi, bai wuce cikin kwano ba. Kada Baba ya ji, so nake ya gani kwatsam.

Amma Yaya, rezin ɗin nan ba shi da mutunci. Madam ta ce a auna da kofi mai layi. Ni da nake dafa wa coci guda abinci ban taɓa auna gishiri ba, sai na zuba da ido. Har yau tiren bai bushe ba, danƙo kawai yake, ƙudajen Karmo kaf sun zo sun mutu a kai. Dawar da ke ciki kuwa ta ƙi ciruwa, cikin tafin hannu guda ya salwanta.

Ka roƙa mini haƙuri, ka san ba ni da shi da yawa. Ubangiji ya tsare ka.

Ƙanwarka,
Christina.

Karmo, Abuja
Maris, 2023

Yaya Thaddeus,

Bayan gaisuwa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Takardarka ta iso ta hannun direban nan mai kai muku kaya, har da dariyar da ka yi mini a ciki. Na gode, Allah ya kawo ka gida mu haɗu.

Kirsimeti ta wuce ban kai wa Baba komai ba. Tire na biyu na auna shi daidai, sai ga shi ashe simintin ɗakinmu a karkace yake. Shekaru muna kwana a kai ba mu sani ba, sai rezin ne ya tona asiri, ya gangare gefe guda, dawar ta bi shi ta cunkushe a lungu. Na gaba kuma ƙwayoyin suka taso sama suna iyo, ga kumfa ko'ina. Na kusa jefa shi kwata.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne na watan jiya. Komai ya yi, Yaya, komai. Na ajiye shi a baranda na tafi ɗebo ruwa. Maƙwabciyata Maman A'isha, mutuniyar kirki, ta ga abu a tire a buɗe. Ka san a wurinmu ba a barin tire a buɗe, sai ta ɗauko zanenta ta rufa masa. Na dawo na tarar zane da tire sun zama abu ɗaya. Ita tana kukan zanenta, ni ina kukan dawata, aka rasa mai ba wani haƙuri.

Da na leƙa kwano, abin da ya rage bai fi tafi ba. Na ajiye girman kai na koma Garki. Madam ta nuna mini a fara shafa rezin kaɗan, a jera ƙwayoyin su kama, kafin a zuba sauran. Na yi haka a shagonta, a kan tebur madaidaici, na kuma zauna gadi kamar mai jinya.

Ya yi, Yaya! Na jera dawar layi-layi kamar kunyoyin gona, na sa ɗan baƙin dutse a kusurwa, inda dutsen nan da muke cin abinci a kai yake a gonarmu. Ban rage ko ƙwaya ba. Ista zan kai masa.

Ka gaishe da kowa.

Taka,
Christina.

Orozo
Yuli, 2023

Yayana,

Ina gaisuwa. Yaya aiki, yaya jiki? Ka yi haƙuri da shiruna, haushi ne ya hana ni ɗaukar biro.

Ranar Ista na tarar da Baba yana fara'a, har na zaci wani ya fesa masa labari. Ashe tsohon abokinsa Alhaji Maude, Bafulatanin nan na wajen Karshi, shi ya ara masa fili inda shanunsa suka yi rani, ƙasar ta sha taki. Baba ya daɗe yana bin maganar bai gaya wa kowa ba. Ranar ce ta tabbata, bayan isowata ya shiga madafa ya ɗaga kai, ba dami. Mama don tsoro ta ce ƙila ɓeraye ne.

Ni ban san wannan ba, na kwance ƙunshi gaban kowa ina washe baki. Baba ya karɓa ya daɗe yana kallo. Ya shafa da babban yatsa, ya juya bayan tiren, ya sake juyowa, sannan ya tambaye ni ta ina ake buɗewa. Na ce ba a buɗewa. Ya sake tambaya, kamar bai ji ba.

Washegari na kwaso ɓatattun tirukan daga Karmo, muka farfasa su da guduma, Baba yana ƙwaƙule ƙwayoyin da wuƙa ɗaya bayan ɗaya. Ni na san aikin banza ne, don rezin zafi yake ɗauka in zai daskare, ya kashe ƙwayar, amma bakina ya ƙi faɗa. Da ruwa ya sauka ya shuka su. Ko ɗaya ba ta tsiro ba. Na bi gida-gida a Orozo ina neman irin jar dawar, masu noman da suka rage duk na kasuwa suke saye. Tsofaffi suka ce gidanmu ne kaɗai ya riƙe ta.

Ina jin haushin Mama da ta ce in kwashe, ina jin haushin Baba da zurfin cikinsa, har Madam Rita da ba ta san hawa ba balle sauka na ji haushinta. Amma hannuna ne ya zuba. Na ga mutum ya yi shiru na ɗauka ya haƙura da noma, alhali shi bai taɓa sauke damin nan ba.

Yanzu ya shuka farar dawa ta kasuwar Karshi, ta kuma fito. Da zai zage ni da na sami sauƙi, amma ko sau ɗaya bai ɗaga murya ba. Da na ɗaga guduma kan tiren nan mai kyau ma riƙe hannuna ya yi, ya ce aikin 'yarsa ne, ba za a fasa ba. A kansa yake cin tuwo kullum, ba ya yarda da wani. Sai dai in Mama ta kawo masa, yakan kife shi tukuna, ya ɗora kwanonsa a bayan katakon.

In ka sami hutu ka zo, Yaya. Ni na kasa zama kusa da shi lokacin cin abinci.

Ubangiji ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka,
Christina.