Yistin Marigayi Inasio

Aldona, Goa, 2 ga Afrilu

Ƙanin mijina Teotonio,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da gwiwar nan taka mai ƙorafi.

Na san shekara goma sha ɗaya ba ku yi magana da yayanka ba, har aka binne shi kana tsaye bayan mutane. Ba tonon wannan ya sa na rubuto ba, aikinka nake so. Ranar ashirin ga Mayu Inasio zai cika shekara da rasuwa, ina so abokansa su sha giyarsa in an fito daga coci. Dafawa ba ta dame ni ba, shekara ashirin ina juya masa tukunya. Damuwata yistinsa, wanda yake rainonsa a kwalba tun kafin ya yi furfura. Wata-wata nake ba shi ruwan sha'ir, amma ya yi rauni. Shi da sanyin Disamba yake haɗa giya, ni kuwa ga zafin da ya riske ni. In ta yi tsami, yistin ya tafi ke nan.

Ka shekara talatin kana gyaran ɗakin sanyi a jirgin ruwa. Wane firji zan saya?

Matar yayanka,
Perpetua

Mumbai, 8 ga Afrilu

Matar Yaya,

Na gode da gaisuwa. Gwiwa tana nan tana mulki.

Yisti ai a ƙulle ake sayar da shi a kanti, ki bar na kwalba ya bi mai shi. In kin ƙi ji, sayi firiza irin na kwance, ki haɗa shi da na'urar da ke kashe wuta in sanyi ya kai. Ki sa ma'aunin sanyi a sha takwas in giya tana nuna, huɗu in za a sha. Abu ɗaya: kada ki kuskura ki huda jikinsa don sa famfo. Bututun gas ɗinsa a ɓoye suke cikin bango, ki taɓa ɗaya, kin sayi akwatin ajiye shinkafa.

A huta lafiya,
Teotonio

Aldona, 24 ga Afrilu

Teo,

Ina gaisuwa. Na je kanti na leƙa firizan naka, saura kaɗan in faɗa ciki. Wa zai ɗaga mini gangar ƙarfe cike da giya ya tsallakar da ita wannan bakin? Shekarata sittin da uku! Na sayi firji na tsaye, tsoho, wanda zan tura ganga ciki da ƙafa.

Famfo na sa shi a ƙofa. Amma tulun iskar da ke turo giya ya ƙi shiga, dole sai an huda gefe. Na shafa na ji wani wuri ɗumi, wani wuri sanyi. Sai na dama garin shinkafa da barasar kashu na shafe gefen, na kunna firjin. Inda bututu suke ya riga bushewa, layi-layi kamar an zana. Na huda a tsakani. Gas bai fita ba, firji ya ci gaba da aikinsa.

Kwana uku da zuba yisti, iska ta kayar da itacen kwakwa a kan waya, wuta ta ɗauke kwana biyu. Na ruga wurin Sukanti mai kifi neman ƙanƙara.

Ta ce, "Ke Perpetua, ƙanƙarata ta kifi ce. In giyarki ta yi ƙarni, kada ki kira sunana."

Na ce, "Masu shanta da kifinki aka yaye su, ba za su gane ba. Zuba!"

Sau shida na yi sawu da bokiti. Yanzu ina jin giyar tana ɓuɓɓuga a hankali, amma ban san me zan tarar ba, kuma ina jin tsoro.

Perpetua

Mumbai, 2 ga Mayu

Matar Yaya, ranki ya daɗe,

Sau uku na karanta wasiƙarki, na kai ta wurin tsofaffin ma'aikatan jirgi na karanta musu da ƙarfi. Dabarar garin nan, sai da na shekara tara a teku kafin wani tsohon injiniya ya nuna mini, yana yi kamar zinariya ya ba ni. Ke kuwa da tafin hannu kika gano ta a kicin. Ni na zaɓa miki firiza ban tuna da bayanki ba, na ji kunya. Yaya ya yi dacen mata, da ma na faɗa masa yana da rai.

Maganar da na yi kan yistin, ki yafe mini. Don Allah ki gaya mini in ya tashi.

Ƙaninki,
Teo

Aldona, 11 ga Mayu

Teo,

Ya tashi. Na buɗe famfo jiya, kumfa fara tas, ba tsami, ba ƙarni. Na zauna a ƙasa na yi kuka.

Yistin nan kai ka kawo masa daga Hamburg a robar magani, a tafiyarka ta shekarar da Mama ta rasu, ka manta. Shi bai manta ba. Duk ran da zai ba shi abinci sai ya ce, "Bari in duba Teo." Ko a shekarun da ba ya son jin sunanka a bakin kowa, haka yake cewa.

Addu'a ƙarfe tara na safe. Benci na gaba na dangi ne.

Matar yayanka,
Perpetua