Hoton mijina da ke cikin kyamarar ruwa

Assalamu alaikum 'yan wannan zaure. Admin ka sakaya sunana, ku kuma don Allah ku ba ni shawara. Ni tsohuwa ce, na haura saba'in, a hankali nake danna wayar nan, to ku yi haƙuri da tsawon zancen.

A shekarun saba'in, lokacin fari, ina amarya a Gumel, maigidana yana aikin haƙa rijiya. Shi ake ɗaura wa igiya a zura can ƙasa, daga Maigatari har Gagarawa an san shi da wannan. Akwai wani Bature da suke aiki tare, yana da wata 'yar ƙaramar kyamara da ruwa ba ya shigarta, ita yake ba maigidana ya sauka da ita ya ɗauko masa hoton inda siminti ya tsage a cikin ruwa. Da Baturen zai koma ƙasarsu sai ya ce wa maigidana ya zaɓi ɗaya, rediyonsa ko kyamarar. Bawan Allah nan ya tsallake rediyo ya ɗauko kyamara! Kwana biyu ina fushi, na ce masa mu da ko tafki sai da damina muke gani, me za mu yi da abin ɗaukar hoto a ruwa, kwaɗi zai ɗauka? Dariya kawai ya yi, ya ce rediyo kowa ma zai saya wata rana, amma wannan duk ƙasar Gumel shi kaɗai ke da ita.

Baturen ya sa masa sabon fim kafin ya tafi. Maigidana ya ɗauke ni hoto ina da ciki, abokin aikinsa kuma ya ɗauke shi a bakin rijiya da igiya a ƙugu. Ya ce in fim ɗin ya cika zai kai Kano a wanke. Bai cika ba. Rijiya ta rufta da shi a wani ƙauye wajen Sule Tankarkar, ko gawarsa ban gani ba, kuma bai taɓa yin wani hoto a duniya ba sai wannan.

Ina cikin takaba kewarsa ta ishe ni, ba abin da nake so kamar in ga fuskarsa. Ni a tunanina hoton yana kwance a ciki kamar takarda a ambulan. Wata rana da hantsi, gidan ba kowa, na fito da kyamarar tsakar gida inda haske ya fi yawa, na yi ta fama da ita har ta buɗe. Na jawo fim ɗin, na ɗaga shi saitin rana don in gani sosai, na bi shi tun daga farko har ƙarshe. Ban ga komai ba. Na ce ashe shi ya sa ake kai wa masu wanki, na naɗe abina na mayar na rufe, ban gaya wa kowa ba don kar a ce na yi rashin haƙuri.

Bayan wata biyu na haifi 'yata. Tun tana ƙarama in ta tambaye ni kamannin ubanta sai in ɗauko kyamarar daga adaka in ce Babanki yana nan ciki. Haka ta tashi, har gaishe ta take yi. Da ta girma ta sha cewa mu kai a wanke, ni nake hanawa, tsoro nake kar ta ɓata a hannun mutane.

Yanzu ita ma ta yi jikoki. Watan jiya ta zo min da murna, wai ta samu wani mutum a Kano da har yau yake wanke tsohon fim. Ya ce mata irin wannan kyamarar a toshe take ruf, don haka akwai sa rai, muddin dai ba a taɓa buɗe ta ba, domin haske yana taɓa fim ya ƙone shi nan take. Wallahi sai ranar na sani. Ta kalle ni ta ce, "Inna, ai ba a taɓa buɗewa ba ko?" Na ce mata ba a taɓa ba.

Tun ranar abinci ba ya min daɗi. Ranar Asabar za ta tafi da kyamarar, har gilashin da za ta sa hoton ta saya, ta buga ƙusa a bangon falonta. In na yi shiru za a ce tsufa ne ya cinye fim ɗin, ba wanda zai zarge ni, amma zan mutu da ƙarya a bakina. In na faɗa kuma, da wane ido zan kalle ta?

'Yan uwa ku gaya min, in bar ta ta je Kano ta dawo hannu wofi, ko in zaunar da ita kafin Asabar in ce mata ubanta bai taɓa kasancewa a cikin abin da take gaisarwa ba, ni na ƙone shi da hannuna tun tana cikina?